KAFIN KATAFILA TA HAU DUTSE

(Jawabin da Akawun Jam'iyya ya yi a taron reshe. Mun buga shi yadda ya faɗa.)

 Maganar da aka ɗora mana yau ta duwatsu ce, da masu neman ma'adinai a cikinsu, da hanyoyin mota da ake yanka musu. Watakila wani ya ce, ina ruwan jam'iyya da dutse, ga tsadar hatsi ga kuɗin makaranta? To, ku ba mu hankalinku kaɗan. Maganar dutse maganar talaka ce, domin kakan talaka ne ke kwance a can, mai kamfani ba shi da kowa a wurin.

Abin da muke so mu faɗa guda ɗaya ne. Kada a bar katafila ta hau dutse sai an aika mutane sun taka shi da ƙafa, sun rubuta abin da mutanen da suka bari a kansa, sa'an nan a ba wannan rubutu ikon kauda hanya da kauda ramin haƙa. Sauran jawabin duk bayanin wannan ne.

ME KE KAN DUTSE?

Baƙo in ya hangi dutse daga cikin mota, ba ya ganin kome sai fa da ƙaya da birai. Ɗan ƙasa kuwa ya san ba haka ba ne. A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, dutse shi ne ganuwar wanda ba shi da doki. Kabilu da yawa a kudancin Kaduna, da Filato, da Nasarawa, da duwatsun Mandara a kan tudu suka yi zamansu, sai a zamanin Turawa suka sauko fili, waɗansu da son ransu, waɗansu da tilas. Da suka sauko, sun ɗauko tukwane da awaki, amma ba su ɗauko kaburbura ba, ba su ɗauko kufai ba, ba su ɗauko wuraren da suke girmamawa ba. Duk suna can.

Ko a ƙasar Hausa haka abin yake. Tarihin Kano daga Dutsen Dala ya fara, inda aka narka tama tun kafin a gina ganuwa. Zazzau tana da Kufena da Turunku. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu, da waɗansu duwatsu masu amo kamar kuge in an buga su. A Sukur, cikin ƙasar Madagali, akwai gonaki hawa-hawa da aka tokare da duwatsu, da hanyoyin ƙafa da aka shimfiɗe da dutse, da gidan Hidi. A 1999 aka sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko daga Nijeriya. Waɗannan su ne suka yi suna. Waɗanda ba su yi suna ba, waɗanda ba wanda ya taɓa rubuta su, sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Su kuwa ma'adinai, kun san inda suka fi zama. Kuza da zinariya da tama da litiyam, wanda ake batir da shi, galibi a ƙasar duwatsu ake neman su. A 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa litiyam a Jihar Nasarawa. Watau mai nema da abin da kakanni suka bari, wuri ɗaya suke haɗuwa.

DARASIN NOK

Ba sai mun je nesa ba mu ga abin da ke faruwa in haƙa ta riga bincike. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa ke haƙar kuza a Jos da kewayenta, ba wanda ya tambayi abin da ke cikin ƙasar ban da kuza. A 1928, kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, masu haƙa suka tono wata 'yar siffa ta gasasshen yumɓu. Aka kai ta Jos aka ajiye, aka manta da ita. Wajen 1943 aka sāke tono wani kai na yumɓu a mahaƙar kuza ta wajen Jama'a. Wanda ya ɗauke shi akawu ne irinmu. Ya kai shi gonarsa ta doya, ya kafa shi mutum-mutumi don korar ɓarna, ya shekara a can yana shan rana da ruwa. Daga baya kan ya kai hannun wani Baturen mulki, Mista Bernard Fagg, wanda ya karanta ilmin tone-tonen tarihi a Ingila. Shi ya lura kan nan da siffar 1928 aikin mutane ɗaya ne. Ya bi mahaƙai yana roƙon a riƙa ajiye masa abin da aka tono. Abin da ya tara yana cikin abin da aka buɗe gidan tarihi na Jos da shi a 1952.

Ku duba fa, jama'a. Abin da duniya ke girmama ƙasar nan da shi yau, da sa'a aka tsince shi, ba da shiri ba. Nawa aka farfasa da diga kafin 1928, da tsakanin 1928 da 1943? Ba a lissafa ba, domin ba a sa kowa ya lissafa ba.

Kuma siffofin da aka tsinta cikin tsakuwar kuza ba su iya ba da labarin masu su ba, domin ruwa ya riga ya kwashe su daga mazauninsu. Abin tarihi in ya rabu da mazauninsa kamar wasiƙa ce da aka yage samanta da ƙasanta: ga rubutu, amma ba ranar wata, ba sunan gari, ba sa hannu. Sai da aka tona wuraren da ba a dagula ba aka fara jin labari. A Taruga, kusa da Abuja, cikin shekarun 1960 aka sami siffofin tare da murahun narka tama masu shekara fiye da 2,000. Daga 2005 masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus tare da 'yan Nijeriya suka yi shekaru suna tono a kudancin Kaduna. Suka gano mutanen nan sun fara zama a wurin tun wajen shekara 3,500 da suka wuce, suna noman gero da wake. A 2021 aka bayyana cewa an sami ragowar kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu, watau tun a lokacin suna shan zuma.

Yaya aka san shekarun? Da gawayi da ƙonannen hatsi. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari wanda yake raguwa a hankali bayan ya mutu, rabinsa yakan tafi cikin shekara kamar 5,730. In an auna abin da ya saura sai a san lokacin da aka sare itacen ko aka girbe geron. Amma sai gawayin yana kwance inda aka bar shi, kusa da tukunyar da aka dafa a kansa. Katafila in ta wuce sau ɗaya ta cuɗa na sama da na ƙasa, shi ke nan, shaida ta mutu.

Masanan nan sun tarar mafi yawan wuraren Nok ɓarayi sun riga su, sun tone su don sayar wa 'yan kasuwar waje. A 2000 aka ga siffofin Nok an jera su a babban gidan tarihi na birnin Faris. Sai a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25. Talakan da aka tone gonarsa bai ga kome ba sai ramuka.

HANYA TA FI RAMI ƁARNA

Masu kamfani sukan ce, ai mu bincike kawai muke yi, ba haƙa ba, ramin da injinmu ke hudawa bai kai bakin tulu ba. Gaskiya ne ramin ƙarami ne. Amma injin ba ya tashi sama. Sai an yanka masa hanya daga gindin dutse har inda zai tsaya, a baje masa fili, a kai masa ruwa da mai. In za a huda wuri 20, fili 20 ke nan da hanyar da za ta haɗa su. Ga ramukan gwaji da ake yankawa kamar lambatu. Ga inda ake ɗibar burji da tsakuwa. Katafila kuwa fatar ƙasa take fērewa, kuma a nan fatar ne kufai da tsingaro da kaburbura suke. Mai tuƙa ta yakan bi inda ya fi sauƙin hawa da inda ya fi shimfiɗa, nan ne kuwa daidai inda mutanen da suka bi, suka kuma gina ɗakunansu.

Bayan haka, sau da yawa binciken ba ya samun abin kirki. Kamfani ya naɗe kayansa ya tafi. Ba ma'adini, ba aikin yi, ba kufai, sai hanyar da ta buɗe wa ɓarawon kayan tarihi da mai saran itace ƙofa.

DOKA TANA NAN, IDO NE BABU

Kada wani ya ce ba doka. Tun 1953 akwai dokar kayan tarihi. A 1979 aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A 1992 aka yi dokar da ta tilasta a auna illar manyan ayyuka, irin su babbar hanya da babbar mahaƙa, kafin a fara su. Dokar ma'adinai ta 2007 ta faɗa ƙarara ba a neman ma'adini ko haƙarsa a inda gari yake, ko kasuwa, ko maƙabarta, ko wurin kakanni, ko wurin da ake tsarkakewa, ko wurin tarihi. Ta hana a taɓa itacen da mutane ke girmamawa. Ta ce a nemi yardar masu ƙasa.

Madalla da wannan rubutu. Amma ga tambaya. Lasin bincike a ofishi ake ba da shi a Abuja, a kan taswira, kuma lasin guda yana iya kai murabba'in kilomita 200, na shekara 3 a karon farko. Akawun da ya buga hatimi bai taɓa hawa dutsen ba. Taswirarsa tana nuna kogi da tudu, ba ta nuna kabarin kowa. To, doka ta ce kada a taɓa maƙabarta, amma wa ya gaya wa doka inda maƙabartar take? Sa hannun mutum ɗaya a takardar yarda ba ya nuna wa direban katafila inda zai kauce. Binciken da muke magana shi ne idon doka. In babu shi, doka makauniya ce, sai an yi ɓarna take jin labari.

YADDA AKE YIN SA

Aikin ba sihiri ba ne, kuma ba sabon abu ba ne. A Amurka, bayan da manyan hanyoyi da rushe-rushen birane suka cinye wurare masu yawa, sai aka yi doka a 1966 cewa duk hukumar tarayya da za ta yi aiki ko ta ba da izninsa, tilas ta fara duba abin da aikin zai yi wa wuraren tarihi. Saboda haka a jihohinsu na yamma masu duwatsu, inda ƙasa mai yawa ta gwamnatin tarayya ce, akan aika masu bincike su riga injin huda dutse da katafila. Matakan kamar biyar ne.

Na farko, takarda. A duba abin da aka riga aka rubuta game da wurin, da tsofaffin taswirori da hotunan da aka ɗauka daga sama. A nan ƙasar, rahotannin Di'o-Di'o na zamanin Turawa suna nan a gidan ajiyar takardu na Kaduna, cike da sunayen tsofaffin garuruwa.

Na biyu, zama da masu ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba hakimi da dagaci kaɗai ba, a ji ta bakin tsofaffin mata, da mafarauta, da makiyaya, da maƙera, da masu ginin tukwane. Akwai wuraren da ba su da alama ko ɗaya, fa ne kawai ko tsamiya ko idon ruwa, mai digiri zai wuce su bai sani ba. Akwai kuma waɗanda asiri ne, ba a faɗa wa baƙo abin da ke ciki. Ba sai an tilasta kowa ya tona asirinsa ba. Ya isa dattawa su ce daga nan zuwa nan kada a shiga, a zana da'ira a taswira.

Na uku, tafiya da ƙafa. Mutane su jeru kamar masu farauta, tsakanin kowane da na kusa da shi kamar mita 15 zuwa 30, su bi duk inda hanya za ta bi da inda inji zai tsaya, ido a ƙasa. Suna neman tsingaro, da dutsen niƙa, da gatarin aradu, da kashin maƙera, da tushen ɗaki, da tulin duwatsun kabari, da zane a bakin kogo. Abin da aka gani a ɗauki hotonsa, a auna wurinsa, a rubuta. A ƙasarmu da rani ya kamata a yi wannan, sa'ad da ciyawa ta kwanta ƙasa ta bayyana.

Na huɗu, inda ake zaton akwai abu a binne, a haƙa ƙananan ramuka da hannu, a tace ƙasar da rariya.

Na biyar, hukunci. Mafi alheri shi ne a kauce: a karkata hanya, a matsar da filin inji. In ba makawa, a tone wurin da ilmi kafin a ɓata shi, a kwashe abin da ke ciki da lissafi. Sa'an nan a sa mai lura ya bi katafila, in ta tono abin da ba a zata ba a tsai da aiki. Taswirar wuraren kuwa ba a baza ta a kasuwa, don kada ta zama jagorar ɓarawo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hanya tana kan takarda, kauda ta aikin fensir ne. In an zuba burji an gina kwalbati, ba mai kauda ta.

BINCIKE MARAR HAƘORI

Amma kada mu ruɗi kanmu cewa rubutu kaɗai ya isa. Ga abin da ya faru a Ostareliya ta Yamma, a ƙasar duwatsu ta Pilbara mai arzikin tama. A wani kwazazzabo da ake kira Juukan akwai koguna biyu na dutse, na kabilun Puutu Kunti Kurrama da Pinikura, 'yan asalin ƙasar. A 2013 gwamnatin jihar ta ba kamfanin Rio Tinto iznin ɓata wurin, bisa wata doka ta 1972. A 2014 aka tona kogon da ilmi. Aka sami abubuwa fiye da 7,000, da shaidar mutane sun yi amfani da wurin tun shekara 46,000 da suka wuce. A ciki har da guntun ɗamara ta kitsattsen gashin mutum mai shekara kamar 4,000, wadda awo ya nuna gashin kakannin mutanen da ke raye yau ne.

To, an bincika, an rubuta, an sani. Amma dokar ba ta da ƙofar da za a sāke duba izni in sabon sani ya fito, kuma masu ƙasa ba su da ikon ɗaukaka ƙara. Ran 24 ga Mayu, 2020, aka tashi wurin da nakiya. Daga baya kamfanin da kansa ya gaya wa kwamitin majalisar ƙasar cewa tsari huɗu yake da su na faɗaɗa mahaƙar, uku sun kauce wa kogunan, ya zaɓi na huɗu don ya sami ƙarin tan miliyan 8 na tama mai kyau. Masu ƙasa kuwa ba a gaya musu akwai sauran ukun ba. A watan Satumba na shekarar aka sanar shugaban kamfanin da manyansa biyu za su sauka. Jihar ta yi sabuwar doka a 2021, ta fara aiki ran 1 ga Yuli, 2023, amma da masu gonaki da waɗansu suka yi ca, kafin ƙarshen shekarar aka soke ta, aka koma ta 1972 da 'yan gyare-gyare. Manya sun sauka, doka ta je ta dawo, wurin dai bai koma yadda yake ba.

In wannan ya faru a ƙasar da ke da masana da lauyoyi da jaridu masu ƙarfi, ina ga ƙauyen da ba ko gidan waya? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA MUKE NEMA

Mun san abin da za a ce. Za a ce 'yan hamayya ba su son ci gaba, sun fi son tsingaro da aikin yi. Wannan ba gaskiya ba ne. Muna son hanya, muna son samarinmu su sami aiki, muna son arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa ya amfani masu ƙasa. Ba mu ce kada a haƙa ba. Cewa muka yi a duba kafin a haƙa. Dutse yana da faɗi, wurin da za a kauce masa ƙanƙane ne. Ga buƙatunmu ga Gwamnati:

1. Kada a yarda a yanka hanyar bincike ko a baje filin inji a kan dutse sai an gama tafiyar ƙafa an miƙa rahoto.

2. Kamfani shi zai biya kuɗin aikin, amma ba shi zai zaɓi masu yi ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar gidajen tarihi da jami'o'inmu su ba da mutane.

3. A sa 'yan gari cikin masu tafiyar, a biya su, kuma a karanta wa jama'a rahoton da harshensu a bainar taro.

4. In kamfani yana da hanya fiye da ɗaya da zai iya bi, a nuna wa masu ƙasa dukansu.

5. In sabon abu ya fito bayan an ba da izni, a tsai da aiki a sāke duba iznin, kuma masu ƙasa su sami ikon kai ƙara.

Ku kuma 'yan'uwa, akwai naku aikin, kada ku jira Gwamnati. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane reshe ya sami littafi guda. Samari masu karatu su zauna da dattawa tun suna da rai, a rubuta sunan kowane kufai, da maƙabarta, da tsohuwar maƙera, da wurin da ba a shiga, da gidan da ke da hakkin kula da shi. A ajiye littafin a hannun amintattu. In kun ga baƙi suna kafa turaku a gindin dutse, ku tambaye su da ladabi su nuna lasin, ku rubuta lambarsa, ku kawo ofis, mu kuwa za mu rubuta wa hukuma. Kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa. In kuma garma ta tono siffa ko tukunya a gona, a bar ta inda take, a rufe, a ba da labari. Wanda ya sayar wa dillali ya ci kuɗin kwana biyu, ya sayar da abin jikokinsa.

Shugaba, iyakar abin da muka zo da shi ke nan. Mai tambaya ya tashi ya yi.